Layi Ɗaya da Ya Kai Ni Doguwa

Tun da na dawo daga Doguwa ban huta da tambaya ba. A gidan suna an tare ni, a Islamiyyarmu ta matan aure an tare ni, har ƙawata da ke aure a Zariya ta bugo waya wai ta ji birai sun kwashe mana kaya a dajin Falgore. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na ba labarin sai ya ƙara masa gishiri kafin ya kai gaba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, yadda ya faru.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Rukayya, a gida ana ce mini Ummi saboda sunan kakata na ci. A Bebeji nake aure, na karanta aikin kwamfuta a Kano, kuma yawancin aikina daga ɗaki nake yin sa. Akwai wata ƙungiyar mata makiyaya da ke da tankunan sanyaya madara guda uku masu aiki da hasken rana, ɗaya a wajen Badafi ta ƙasar Kiru, ɗaya a gefen Tudun Wada, ɗaya a wata ruga kusa da Doguwa. A jikin kowane tanki akwai 'yar kwamfuta, ɗan koren allo ne da bai fi tafin hannu ba. Aikinsa ya riƙa auna sanyin madara yana aika saƙo zuwa waya. Da wannan saƙon ne masu sarrafa madara a Kano ke tabbatar da cewa ba ta taɓa ɗumi ba kafin motarsu ta ɗauka. Ni ke kula da manhajar allunan. Ƙanin mahaifiyata, Kawu Ilu, mai aikin sola, shi ke kula da wayoyin wuta da batura.

Dole in yi ɗan bayani a nan, in ba haka ba ba za a gane abin da ya fitar da ni daga gida ba. Kowace kwamfuta tana da wata babbar manhaja a can ƙasa da ake kira kanal, ita ce ke magana da sassan na'ura kai tsaye. Wadda muke amfani da ita ta kowa ce, mutane daga ƙasashe daban-daban ke haɗa hannu su rubuta ta, kowa kuma na iya ɗauka ya harhaɗa daidai da na'urarsa. A cikinta akwai ƙananan manhajoji da ake kira direba, kowanne ya san yadda ake magana da sashe ɗaya. Kafin mutum ya harhaɗa, sai ya bi wani dogon jerin tambayoyi yana zaɓar direbobin da yake so. Don kada jerin ya fi ƙarfin mai bi, an rubuta wa kowane direba sharaɗi: kada a nuna wannan sai ga mai na'ura iri kaza. In na'urarka ba ta cika sharaɗin ba, ba wanda zai ce maka komai. Tambayar ce kawai ba za ta fito ba.

Abin da ya same ni ke nan. Farkon damina tsawa ta ƙone alluna biyu, na ukun ma ya tsufa, irinsu kuma an daina kawowa. Kawu ya shiga kasuwa a Kano ya sayo sababbi uku na kamfani ɗaya da tsofaffin, sai dai ƙwaƙwalwarsu sabon iri ce. Ya kawo mini ɗaya in gwada. Na ɗauki tsohon zaɓina na harhaɗa sabon kanal, ya gama lami lafiya babu ko gargaɗi. Allon ya tashi, ya aiko saƙo wayata. Ban jona masa ma'aunin sanyi ba don ba ni da shi a gida, na ce a raina abin da ya yi shekara uku yana aiki ba yau zai ƙi ba. Na kwafa a memori uku, Kawu ya je ya ɗaura.

Washegari saƙonnin Badafi da Tudun Wada suka fara shigowa, amma wurin da lambar sanyi ya kamata ta fito fanko ne. Na Doguwa kuwa shiru, na ɗora wa rashin sabis laifi. Yini guda na yi ina tono kafin in gano. Layi ɗaya ne. Wanda ya rubuta direban da ke karanta ma'auni ya sa sharaɗin cewa sai mai tsohuwar ƙwaƙwalwa, don a zamaninsa ita kaɗai ce kamfanin ke yi. Da na canza iri, sai direban ya fice daga jerin ba sallama. Na ƙara sunan sabon irin kusa da na tsohon, na sake harhaɗawa, ya dawo.

Masu sarrafa madarar suka ce za su yi haƙuri su riƙa aunawa da hannu zuwa Juma'a, daga nan kuma tankin da ba shi da saƙo motarsu ba za ta tsaya masa ba. Allunan ba sa karɓar gyara daga nesa, sai an cire memori an sa wani. Kawu ya ce in ba shi ya kai. Na ce a'a, sau ɗaya na aika abin da ban gani da idona ba, ga inda ya kai mu. Abban yara ya amince, muka kai yaran wajen mahaifiyarsa, ranar Talata da hantsi muka kama hanya.

Tun a motar farko aka fara. Wani dattijo ya tambayi Kawu ina muka nufa da wannan jaka, Kawu ya ce masa ai direba ne ya ɓace mana, za mu je mu sa wani a madadinsa. Direban motarmu ya rage gudu, ya juyo yana tambayar ɗan wace tasha ne, kuma an sanar da shugabanninsu ko ba a sanar ba. Na yi ƙoƙarin bayani, na ga ina ƙara dagula abin. Har muka sauka bai daina yi wa mutumin addu'ar Allah Ya bayyana shi ba.

Zuwa Badafi babur muka hau, ni a bayan Kawu, jakar laftof a ƙulle cikin leda biyu. Masara ta kai ƙirji, dawa na biye da ita, hanyar kuma duk taɓo. Sau biyu na sauka na taka da ƙafa, takalmina ɗaya ya maƙale sai da Kawu ya zaro shi da sanda.

Mai kula da tankin Badafi wani dattijo ne, Malam Garba. Ya tarbe mu da gaisuwa mai tsawo amma bai yarda mun haɗa ido ba. Na canza memori, na kunna, muka tsaya. Can wayata ta yi ƙara, ga lamba ta fito, digiri huɗu, daidai yadda ake so. Na nuna masa. Sai ya ja Kawu gefe yana magana ƙasa-ƙasa. Ashe ranar da aka ɗaura allon ya goge akwatin da jiƙaƙƙen tsumma, tun daga ranar yake zaton shi ya ɓata, kuma ya kasa gaya wa kowa. Har abinci ya rage ci.

Na je na durƙusa na ce, "Baba, ba tsummanka ba ne. Ni ce ban gwada ba kafin in aiko. Ka yafe mini."

Ya ce, "To, Malama, Allah Ya yafe mana gaba ɗaya. Amma da kin bugo kin faɗa tun ranar, da na ci tuwona."

Gaskiya ya faɗa. Ni ina can ina fama da layi, ban tuna akwai mutum a tsaye kusa da akwatin ba. Da za mu tafi ya haɗa mu da ƙwan zabi guda ashirin a cikin ƙunshin dusa. Babu inda za a sa su sai jakata.

A Kwanar Ɗangora muka jira motar Tudun Wada ta cika. Wurin ba ya rabo da hayaniya, manyan motoci na wucewa, masu gasa masara na ta fifita. Sabis ɗin wurin mai ƙarfi ne, sai na ce bari in sauke wani nauyi. Al'adar masu wannan kanal ita ce in ka gyara abu ka aika wa masu kula da sashen, don kada na bayanka ya faɗa ramin da ka faɗa. Na zauna a kan benci ina cin masara, na rubuta wa mai kula da sashen imel da Turanci. Ban san shi ba, ban ma san ƙasarsu ba. Na gaishe shi, na tambayi iyali da aiki, na yi bayanin tankunanmu, sannan na liƙa gyarana na layi ɗaya. Na aika ina jin daɗin kaina.

Mun isa Tudun Wada bayan la'asar, muka sauka gidan wani abokin Kawu mai injin casar shinkafa. Matarsa Hajiya Talatu ta karɓe ni kamar ta shekara tana jirana. Mu a gidanmu tuwon shinkafa sai da dalili, su kuwa ranar Talata haka kawai aka ajiye mini malmala uku da miyar ɗanyar kuɓewa, tana kuma ba ni haƙuri wai ba a san da zuwana ba. Da ta ji aikin kwamfuta nake yi, sai ta ɗauko wayarta da ta kishiyar maƙwabciyarta da wata tsohuwar rediyo. Wayoyin na share musu tarkace. Rediyon na ce ta kai wa Kawu.

Da safe muna karyawa da waina a zaure sai amsar imel ɗina ta shigo. Layi uku ce, babu gaisuwa, babu ko sunana. Ya ce mene ne a cikin direban da ke buƙatar a ambaci irin ƙwaƙwalwa tun farko? In jera sunaye za a yi, gobe wani zai zo ya ƙara na uku. In duba abin da direban ke buƙata da gaske in rubuta shi.

Raina ya ɓaci. Na fassara wa Kawu, na ce ka ji mutum, na tambayi iyalinsa amma ko amsa sallama bai yi ba. Kawu ya ci gaba da tsoma wainarsa a miya.

Ya ce, "Ummi, gaisuwar tasu ce ba su da ita, wannan na ji. Maganar fa, gaskiya ce ko ba gaskiya ba?"

Na ce masa nawa gyaran ai yana aiki, ya gani da idonsa a Badafi.

Tankin Tudun Wada bai ba mu wahala ba, sai dai mai riƙe da makulli ya tafi gona, muka yi awa biyu a gindin mangwaro muna jira. Da ya zo, cikin minti goma lamba ta fito. Biyu sun tafi, saura ɗaya, kuma ranar Laraba ce. Na fara lissafin cewa Alhamis da yamma ina gida.

Direbobin hanyar sun fi son ratsa dajin Falgore da rana tsaka, mu ma haka muka yi. Kafin a shiga akwai shingen jami'an tsaro, a nan ne aka ce kowa ya buɗe jakarsa. Jami'in da ya zo kaina ya ga laftof, ya ga wayoyi ja da baƙi, ya ga ƙananan memori a cikin leda, ga kuma ƙunshin dusa yana yoyo, don ƙwai biyu sun fashe. Ya ce in kunna laftof ɗin. Na kunna, baƙin allo ya fito da fararen rubutu na gudu, abin da ya ƙara masa shakka ke nan. Cikin ladabi yake tambaya, ni ce dai bayanina bai gamsar da shi ba. Wata tsohuwar Bafulatana da ke kujerar baya ita ta fitar da mu. Ta leƙo ta taga ta ce ta san tankin, 'yarta ma can take kai madara, kuma kwana huɗu ke nan ana cewa masu gyara na tafe, don Allah a bar su su wuce. Jami'in ya yi dariya ya mayar mini da jakata. Duka-duka bai fi kwata na awa ba.

Batun birai kuwa, ga iyakarsa. Mun gan su zaune a bakin titi cikin dajin, wani fasinja ya jefa musu totuwar masara, babban cikinsu ya ɗauka ya duba ya yar. Ba su taɓa kayan kowa ba.

Da aka fita dajin ƙasa ta fara hawa, duwatsu suka bayyana, iska ta yi sanyin da ban zo da shirinsa ba. Kafin a shiga garin Doguwa muka sauka, muka hau babura biyu zuwa rugar. Shugabar matan wurin ita ce Inna Dije, doguwar dattijuwa marar yawan magana. Ta gaishe mu da Fulatanci, ta juya Hausa, ta sa aka kawo fura da kindirmon da ban taɓa shan irinsa ba. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne da aka ajiye ƙwaryar sai kowa ya watse. Mu a Bebeji a kan baƙo ake zama ana cewa ci mana, ƙara mana. Su kuwa kunya ce a ga bakinka na motsi, nasu ma ba za ka gani ba. Kwana biyu na yi a rugar ban ga babbar mace tana tauna ba.

Na buɗe akwatin na canza memori. Fitila ta kama, amma allon bai tashi ba. Na sake, shiru. Na jona laftof in ga abin da yake faɗa, ko harafi bai fito ba. Sai na haska tocila a kan ƙwaƙwalwar na karanta rubutun jikinta. Sunan kamfanin ɗaya ne, launin allon ɗaya, girmansa ɗaya, amma ƙwaƙwalwar wani iri ne na uku dabam, wanda ko yaren sauran biyun ba ya ji. Ashe ba sabis ba ne. Tun ranar da aka ɗaura shi bai taɓa tashi ba.

Kawu ya cire hula ya sosa kai. Ya tuna cewa mai shagon ya ce biyu suka rage a kwalin, ya shiga ciki ya ɗauko na ukun daga wani kwali, ya ce duk ɗaya ne. Na tambaye shi ko allon ya zo da nasa memorin. Kawu ba ya yar da komai. Ya zazzage akwatin aikinsa, ya fito da wani tsohon gwangwanin man zafi cike da ƙananan kusoshi, ga memorin a ƙasa. Da shi allon zai iya tashi, amma kanal ɗin ciki bai san ma'auninmu ba. Dole in harhaɗa sabo, a nan, kafin Juma'a.

Na gaya wa Inna Dije gaskiyar halin da ake ciki. Ta tambaye ni abu ɗaya, zai yiwu ko ba zai yiwu ba, don in ba zai yiwu ba ta aika wa mata goma sha tara su kwantar da madarar Juma'a ta zama nono su kai kasuwa a ka, kamar da. Na ce ina sa ran zai yiwu. Ta ce sa rai daban, ta ba ni zuwa la'asar ɗin gobe.

A bukkar surukarta na kwana, a kan gadon kara, an lulluɓe ni da bargo biyu. Kawu ya koma cikin gari wajen wani abokin aikinsa.

Alhamis ta waye da hadari. Batirin laftof ɗina ya kusa ƙarewa, wutar da ke rugar kuma ta tankin ce kaɗai. Kawu ya auna baturan ya ce in rana ba ta fito ba, abin da ke ciki da ƙyar zai riƙe sanyin madarar safe. Inna Dije ta yanke hukunci nan take, madara ce gaba, in jona nawa in rana ta buɗe, in ta rufe in cire. Haka aka yi. Na zauna a kan turmi kusa da tankin, ido ɗaya a allo ɗaya a sama.

Na buɗe jerin tambayoyin don wannan iri na uku, na nemi direban ma'auni. Babu shi. Sharaɗin da na gyara da hannuna ya ambaci iri biyu, wannan kuwa ba ya cikinsu. Mutumin nan mai imel ya ce gobe wani zai zo ya ƙara na uku, ga shi kwana ɗaya tak, kuma ni ce wanin. Na ɗaga kai na ga Kawu yana kallona.

Cikin haushi na goge sharaɗin gaba ɗaya, na ce kowa ya gani. Direban ya fito a jeri, na zaɓa, na sa harhaɗawa. Ya yi kusan awa yana tafiya, sai ya tsaya da jan rubutu. Rabin cajin da na samu ya tafi a banza, rana kuma ta sake shiga gajimare. Na cire wayar caji na zauna.

Zaman nan shi ya yi mini amfani. Tun da ba halin harhaɗawa, sai na rage hasken allo na karanta direban daga farko har ƙarshe, abin da ya kamata in yi tun a Bebeji. Babu ko layi ɗaya a ciki da ya damu da irin ƙwaƙwalwa. Abu biyu yake nema, sashen da ke ba na'ura bugun lokaci da sashen da ke farfaɗo da ita in an kunna. A tsofaffin allunan waɗannan biyun kullum a kunne suke, shi ya sa ba wanda ya taɓa rubuta su. A wannan sabon kuwa sai an zaɓa, kuma rashinsu ne ya tsayar da ni. Na kuma gane goge sharaɗin ba daidai ba ne, don zai sa a riƙa yi wa masu na'urorin da ba su da wannan sashe tambayar da ba ta shafe su ba. Sai na rubuta shi yadda ya kamata: a nuna direban ga duk mai allon wannan kamfani, kowace irin ƙwaƙwalwa ce a kai, ko ga mai son gwada harhaɗawa kawai, kuma sai in waɗancan sassa biyu na nan.

Bayan azahar rana ta buɗe sosai. Na jona, na sa harhaɗawa, na yi sallah, na ci tuwon masara da man shanu a bayan bukka inda ba mai ganina. Ana kiran la'asar daga nesa ya gama. Na kwafa, Kawu ya sa memori, allon ya tashi. Wayar Inna Dije ce ta fara ƙara, ta miƙo mini in karanta. Biyar.

Na ɗauka za ta yi murna. Sai ta ce lamba ai kowa na iya rubutawa. Ta sa aka zaro ma'aunin daga tanki, ta tsoma shi a ƙwaryar madarar da aka tatso yanzu da ɗuminta. Lambar ta hau har ta wuce talatin. Ta tsoma a ruwan tulu, ta sauko. Ta mayar cikin tanki, ta koma biyar. Sau uku ta yi haka. Sannan ba tare da ta tambayi kowa ba ta kama wayar ma'aunin ta tumɓuke daga jikin allon. Ta ce so take ta ga ko zai ci gaba da faɗin biyar alhali ba ya taɓa komai. Saƙon da ya shigo ya ce babu ma'auni. Sai a lokacin ta gyaɗa kai, ta aika a gaya wa mata su kawo kosam da asuba, wato madara.

Ranar Juma'a da hantsi motar ta zo. Mai karɓa ya duba wayarsa, ya ga saƙonnin sun jeru tun jiya, ya sa tiyo ya zuƙe tankin. Matan na tsaye da ƙorensu a wanke, ba wadda ta yi guɗa ko tafi, hira kawai suke yi da dariya ƙasa-ƙasa. Ni kam na koma kan turmin nan na zauna.

Kafin mu tafi na ce sai na aika wa mai kula da sashen sabon gyaran. A rugar sabis mai ɗaukar imel sai a kan wani faffaɗan dutse, Inna Dije da surukarta suka raka ni. Wannan karon ban yi doguwar gaisuwa ba, na bar layi ɗaya dai don ba zan iya fara magana da mutum haka kawai ba. Na ce ya yi gaskiya, na bayyana yadda iri na uku ya kama ni, na liƙa gyaran. A irin wannan saƙo ana faɗin wanda ya gwada gyaran a kan na'ura ta gaske. Na gaya wa Inna Dije cewa a ganina ita ce ta gwada, don ni ban yi tunanin tumɓuke waya ba, kuma in ta yarda zan sa sunanta, zai zauna a cikin tarihin manhajar inda kowa a duniya zai iya gani.

Ta tambaya ko hoto za a sa, na ce a'a, suna kawai. Ta tambaya ko za a zo nemanta, na ce ba mai zuwa. Ta ɗan yi tunani ta ce to in sa. Na ce ana so a haɗa da sunan mahaifi. Nan take ta kawar da kai tana kallon shanu a gangare. A wajensu mace irinta ba ta kama sunan mahaifinta da bakinta. Ta taɓa surukar da gwiwar hannu, ita kuma ta sunkuyo ta raɗa mini, Buba.

Na ce in abin da nauyi a bar shi a Dije kawai, ba dole ba ne.

Ta juyo ta ce, "A'a, 'yar nan, sa shi. Dije biyu ne a rugar nan, waccan kuwa jiya tana kasuwa."

Haka na rubuta, Dije Buba. Mun iso Bebeji kafin magariba da ƙwan zabi goma sha takwas da kwalbar man shanu. Bayan mako biyu aka karɓi gyaran, da sunanta a ciki, ba a taɓa ko harafi ɗaya ba.